Dawar da Fitila Ta Hana Barci

Kafin Dinya, ta Miga
Farkon damina

Zuwa ga jikata Zakiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya karatu, ya zaman Dutse? Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita kuwa ta riga ta zama 'yar gida. Babanki Rabi'u da babarki suna gaishe ki.

Kada ki ce me ya hana ni kiran waya. Na gaji da waya. Da na fara magana sai ki ce, “To Kaka, to Kaka, kati zai ƙare.” Takarda ba ta da kati. Rubutun ajin yaƙi da jahilci ne, in ya karkace ki miƙe shi da kanki. Sagiru direba zai kawo miki.

Maganar ita ce dai wadda kika sani, ta fitila. Shekara biyar ke nan ina faɗa, ba wanda ya taɓa ba ni amsa. Tun ranar da ma'aikata suka kafa fitilar solar nan a kusurwar katangarmu, dawar kakarki da nake shukawa a bayan ɗaki ba ta sake haihuwa ba. Za ta fito, ta yi kore shar, ta wuce katanga, ganye kamar na rake, amma ciki babu. Dawar kowa ta yi ciki, ta fidda kai, ta yi bununi, ta ƙosa, tawa tana tsaye tana ta zuba ganye kamar ba ta san kaka ta yi ba, har ruwa ya ɗauke ta bushe a tsaye. Awaki ne kawai suke gode mini.

Na gaya wa mai unguwa, ya ce za a duba. Na gaya wa kansila, ya yi dariya ya ba ni goro. Malamin gona ya ce taki ne ya yi yawa, na daina sa taki, ba abin da ya sake. Babanki kullum, “Baba, a bar maganar nan.” Matan unguwa kuma suka ce wai takaba take yi wa kakarki, tunda a ranin da aka kafa fitilar Allah ya karɓi abarsa. Ni dai ban taɓa jin takabar shekara biyar ba.

Kin san dawar nan ba irin ta kasuwa ba ce. Daga gidansu na Ringim kakarki ta zo da ita a ƙullin zane ranar da aka kawo ta gidan nan. Tuwonta ya kwana bai yi tauri ba, ke ma kin sha ɗumamensa kina lashe hannu. Na aika Ringim, an ce babu mai ita yanzu, kowa ya koma mai saurin nuna. Na gwada ta sau ɗaya a gonar daji, amma ita mai nauyi ce, kafin ta ƙosa kowa ya girbe, aka saki shanu.

Da za ta rasu ta bar zangarniya biyar rataye a madafi, hayaƙi yana tsaron su daga ƙwari. Kowace shekara in sauko da ɗaya. Bana na sauko da ta ƙarshe. Na murje ta a faifai na shuka, abin da ya tsiro bai kai rabi ba, irin ya tsufa. In bana ba ta fidda kai ba, shi ke nan, an gama da ita a duniya.

Ni na ce zafin fitilar ne yake dafa mata ciki. Kuma na san wanda ya yi mini wannan. Gwadabe ne ya nuna wa ma'aikata inda za su haƙa rami, alhali a bakin kasuwa aka ce za a kafa ta. Mutumin da aka yi mana kaciya rana ɗaya! Tun lokacin sallama kawai nake yi masa, ita ma don kada Allah ya kama ni.

An ce tsirrai kike karantawa a jami'a. To, matata, ga tsiro. Ki tambayi manyan malamanku, ki ba ni amsa: fitila tana hana dawa haihuwa, ko ni ne na haukace?

Allah ya yi miki albarka.
Kakanki, Arzika

*

Dutse

Zuwa ga Kakana, kuma angona mai rigima,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, har da ƙuli-ƙulin da ka ƙulla a ciki, 'yan ɗakinmu sun cinye sun ce a gode wa mijin nawa. Ina fatan gwiwa da sauƙi.

Kaka, ba ka haukace ba. Fitilar ce. Na kai maganar wurin malamarmu, ta ce abu ne sananne, ta kuma nuna mini a ɗakin gwaji. Sai dai ba zafi ba ne. Ka sa hannu a jikin ganyen da dare, za ka ji shi da sanyi. Hasken ne kansa.

Irin dawarmu ta gargajiya ba ta ƙirga kwanaki daga ranar shuka. Tsawon dare take aunawa. A cikin ƙwayoyin halittar ganyenta akwai wani sinadari ƙanƙane, ido ba ya ganinsa. In haske ya taɓa shi sai ya sauya siffa, in duhu ya yi sai ya riƙa komawa yadda yake a hankali, a hankali. Da damina ta yi nisa dare yana ƙara tsawo. Idan duhun ya kai gwargwadon da take so, dare bayan dare, sai ganye ya aika saƙo can ƙoƙon kara cewa a daina yin ganye, a fara yin ciki. Shi ya sa ko an shuka ta da wuri ko a makare, kusan lokaci ɗaya take fidda kai.

Ka ɗauka randa ce ake cika ta da ɗigo kowane dare. Dawar Inna kuwa, kafin randar ta cika fitila ta kifar da ita. Hasken ba sai mai ƙarfi ba, ɗan kaɗan ya isa. Ita a wurinta dare bai taɓa yin tsawo ba, kullum tana ganin da sauran damina, sai ta ci gaba da girma tana jira.

In kana so ka tabbatar, ka tuna yakuwar da ke fitowa a bayan rumbu, inda inuwar rumbun take faɗawa da dare. Ita ma irin halinsu ɗaya. Na tuna tana yin fure har mu tsinki zoɓo, ta filin kuwa sai ganye.

Maganin ba wuya. A sami guntun kwano a ɗaura a jikin fitilar ta gefen da ke kallon gidanmu, kamar malafa, yadda haske zai faɗa kan hanya kaɗai, bayan ɗaki ya zauna cikin duhu. Ka nemi izinin mai unguwa, Baba ya hau ya ɗaura. A yi kafin a fara cin tumu, kada a makara.

Don Allah Kaka, kada a kashe fitilar. Mutane suna amfani da ita. Maganar Baba Gwadabe kuma ka ajiye ta tukuna, sai na zo hutu.

Ka gaishe mini da kowa. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.
Jikarka, Zakiyya

*

Kafin Dinya
Tsakiyar damina

Zakiyyatu,

Sallama da gaisuwa. Allah ya yi wa karatun nan naki albarka, ashe ba a banza babanki yake sayar da raguna ba.

Na je bayan rumbu na tsaya na daɗe. Wallahi haka ne! Yakuwar nan shekara da shekaru ina wuce ta ban lura ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar na tsaya a ƙofar masallaci na karanta takardarki da ƙarfi, wurin da kika ce “Fitilar ce” na maimaita shi sau uku. Ban karanta wurin angona ba, kada su raina ni. Liman ya ce ikon Allah. Mai shayi ya ce, “Ashe dawa ma barci take, Baba?” Na ce ta fi ka ma, kai da kake kwana kana kallon ƙwallo a waya. Gwadabe yana zaune a gefe. Ya laluba takalmansa ya tafi. Mai gaskiya ai da ya yi magana.

Amma zancen malafa, a'a. Ni Arzika in sayi kwano da kuɗina in yi wa fitilar Gwadabe ado? In kuma je in durƙusa gaban mai unguwa, yaron da na goya a kafaɗa, in ce don Allah a ba ni izini? Gidana ba a roƙo. Kakarki ta sani, babanki ya sani.

Ga abin da na yi, ki riƙe a cikinki. Ai na lura da rana take ci, ta farantin nan da ke samanta. Na ɗauko gorar da nake kaɗo kanya da ita, na ɗaura tsumma a baki, na kwaɓa laka mai danƙo da ɗan kashin shanu don ta kama, na shafe farantin tas lokacin da kowa yake gona. Daren farko ta yi ja-ja kamar idon mai zazzaɓi. Dare na biyu ɗif. Mutane suka ce batir ne ya mutu, na ce Allah ya ji ƙansa. In ruwa ya wanke, in sake shafawa.

Zakiyya, dare ya dawo gidan nan. Na manta yadda taurari suke daga tsakar gida. Jiya bayan isha na ɗauki buzu na zauna a bakin dawar, ba na ganin ko tafin hannuna, sai ƙarar ganye. Haka muke zama da kakarki in ta gama kwashe tuwo, tana ba ni labarin mutanen Ringim wanda na ji sau ɗari. Na ce da dawar, to yi barcinki, ba mai tashin ki.

Ki ci abinci, an ce kin rame.
Kakanki, Arzika

*

Kafin Dinya

Zakiyya,

Sallama. A gurguje nake rubutawa, Sagiru yana ta danna ham.

Gwadabe ya faɗa ramin da ruwa ya ci a bakin hanyar masallaci, zai tafi sallar asuba. An ce ƙugu ne. Ɗansa Talha ya zo ya ɗauke shi zuwa asibiti nan Dutse. Ni ban ga abin da zai sa mutum da idonsa biyu ya faɗa rami a hanyar da ya bi tun yana yaro ba. Garaje ne irin nasa, tun muna kiwo haka yake.

Ba ruwana da shi. Amma ki je ki duba shi. Ga zuma a kwalba, ki ce babarki ce ta aiko. Ki rubuto mini yadda yake, ba don komai ba, don in san abin da zan gaya wa masu tambaya.

Arzika

*

Dutse

Zuwa ga Kakana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa. Yau ba zan yi maka wasa ba, ka yi haƙuri da abin da za ka karanta.

Na je asibiti. Ƙashin ƙugun ya tsage ne, bai rabu ba. Likita ya ce zai yi tafiya in Allah ya so, amma da sanda, kuma zai daɗe a kwance.

Kaka, Baba Gwadabe ba idonsa biyu ba da dare. Dundumi gare shi, ya kai shekara uku. Da magariba ta yi ba ya ganin komai sai abu mai haske. Bai gaya wa kowa ba sai Talha, wai kada a hana shi zuwa jam'i. Fitilar nan yake saitawa daga ƙofar gidansa, in ya iso gindinta sai ya juya dama, ya kama katangar masallaci. Da ta mutu ya ci gaba da zuwa da lalube, har ranar da ruwa ya ci hanya.

Na ba shi zumar na ce Umma ce ta aiko. Ya buɗe ya sansana ya ce, “Wannan ta amyar kan kukar Arzika ce. Uwarki yaushe ta fara hawa kuka?” Sai ya ce, “'Yar nan, laka ba ta hawa ƙarfe da ƙafarta. Talha ya ga farantin. Kuma duk garin nan ba mai gora mai tsawon ta kakanki.” Talha ya so ya kai magana wurin dagaci, ya ce in ya kai bai yafe masa ba.

Saura abin da ya fi nauyi, wanda na ce sai na zo hutu. Ba zan iya jira ba.

Ba Baba Gwadabe ne ya zaɓi wurin fitilar ba. Inna ce. Ka tuna lokacin ina sakandare, ina karatu da fitilar ƙwai har idona yana ruwa? Da aka ce za a kafa fitila a bakin kasuwa, ta san ba za ka bar ni in je can da dare ba. Ta yafa mayafi, tana tari, ta ja hannuna muka je gidan Baba Gwadabe, tunda shi ne shugaban kwamitin kafa fitilar. Ina tsaye ta ce masa, “Malam Gwadabe, roƙo na zo. A kafa ta a kusurwar katangarmu, haske ya faɗo ƙofar zaure yarinyar nan ta yi karatu. Amma kada Malam ya ji, ka san shi da roƙo, sai ya ce na zubar masa da mutunci.” Ya ce, “An gama, Hindatu.” Ba ta san abin da zai sami dawarta ba, ba ta kai damina ba.

A ƙarƙashin fitilar nan na ci jarrabawar da ta kawo ni nan. Baba ya sani, Umma ta sani, mai unguwa ma ya sani. Shi ya sa kowa yake kauce maka. Ba raini ba ne, ba wanda ya iya buɗe baki ya ce maka da Inna kake faɗa. Na tambayi Baba Gwadabe me ya sa ya yi shiru kana gaba da shi shekara biyar. Ya ce, “Amana ta ba ni, kuma ba ta dawo ta ce in saki ba. Gara ya yi fushi da ni, ni ina nan zan iya ɗauka.”

Bai san na rubuto maka wannan ba. In laifi ne, nawa ne.

Allah ya huci zuciyarka.
Jikarka, Zakiyya

*

Kafin Dinya
Ana yankan gero

Jikata,

Wa'alaikumus salam. Na daɗe ban amsa ba. Sagiru ya zo ƙofa sau biyu na ce ya wuce.

Ranar da na karanta takardarki na shiga madafin kakarki na zauna a kan turmi. Na dubi igiyar da zangarniyoyin suke rataye, ba komai sai baƙin hayaƙi. Na yi mata faɗa, Allah ya gafarta mini, kamar tana tsugune tana hura wuta. Na ce, ke yanzu da kin gaya mini cinye ki zan yi? Sai na tuna ranar da ta aro gishiri a maƙwabta na ƙi cin tuwo kwana biyu. To ina za ta gaya mini?

Da azahar, rana tsaka, kowa yana gani, na ɗauko gorar na ɗaura tsumma mai tsabta, na ɗebo ruwa a bokiti na wanke farantin. Mai shayi ya ce, “Baba, ashe kai ne makanikin batir?” Na ce ni na kashe, ni zan tayar, ka je ka gaya wa duk wanda bai ji ba. Daren nan ta kama. Haske ya sake faɗawa kan dawar, ina kallo, na bar shi. Na ce in ma ta ƙare ta ƙare, ba zan sake sa wani a rami ba.

Washegari na je gidan mai unguwa. Na cire takalmi, na zauna a ƙasa, na ce roƙo na zo. Yaron nan ya rikice ya sauko daga kujera yana “Subhanallahi, Baba, tashi!” Na ce ba zan tashi ba sai ka ba ni izinin yi wa fitila malafa. Ashe roƙo ba ya kisa. Ɗaci ne da shi kawai, kamar sabara.

Ban sayi kwano ba. Tsohon daron wankin kakarki da ya huje, wanda na hana a bai wa masu gwangwan, shi na kai wa maƙeri ya raba biyu ya huda gefe. Sai da muka jira ranar kasuwa aka samo tsani, babanki ya hau ya ɗaure da waya. Yanzu haske yana kan hanyar masallaci da ƙofar zaure, bayan ɗaki kuwa duhu ƙirin. Ramin ma na sa an cike shi, ni na tsaya a kai har aka daddaɓe.

Abin da ban sani ba shi ne ko an makara. Kwanakin da aka yi kafin a sami tsani ta sake rashin barci, kuma ruwa ya fara ja da baya. Kullum da safe ina matsa ƙoƙon karan da yatsa, ban ji komai ba tukuna. Ki tambayi malamarku, in randar ta kife a tsakiya, daga farko ake sake ɗiga?

Ki koma wurin Gwadabe. Ki ce Arzika ya ce ya ji. Ki ce ya ce ya yafe masa. A'a, ba haka ba, kada ki juya maganar: ni nake neman ya yafe mini. Ki faɗa daidai.

Kakanki, Arzika

*

Dutse

Kakana,

Sallama da gaisuwa. Malamarmu ta ce duhun da ta samu a baya bai tafi a banza ba, kuma dare sai ƙara tsawo yake yi yanzu, akwai fata. Abin tsoro ƙishirwa ce. In ruwa ya ɗauke kafin ta ƙosa, sai an riƙa ba ta da hannu. Ka sa a ɗebo maka, kada ka ɗauki jarka da gwiwar nan.

Na isar da saƙonka daidai yadda ka ce. Ya saurara har ƙarshe, ya juya fuska bango. Ina jin haushi yake ji na karya amanar Inna, ko kuma kai yake ji, ban sani ba. Na tashi zan fita sai ya ce, “Dawar ta yi ciki?” Na ce tukuna. Ya ce, “Hm.”

An sallame shi, yana gidan Talha a nan Dutse. Talha ya ce ba zai mai da shi ƙauye ba, zama ya ƙare. Shi dai bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Taka har kullum, ko ka yi mini kishiya da dawa,
Zakiyya

*

Kafin Dinya
Bayan girbi

Gwadabe,

Assalamu alaikum. Zakiyya za ta karanta maka, tunda kai ka gudu daga ajin yaƙi da jahilci tun a harafi na uku. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka tambaya ko ta yi ciki. Ta yi. Ba duka ba, tsirarun da ke can jikin ɗaki ne. Ruwa ya ɗauke ta tana bununi, na riƙa ba ta da buta safe da yamma, na yayyaga tsohon gidan sauro na ɗaure kawunan saboda tsuntsaye. Jiya na yanke. Ba su cika hannu biyu ba in ana ƙirgawa, amma ƙwayar ta cika, fara sol, irin ta Hindatu sak. Na rataye su a madafi, na sa surukata ta koma girki a ciki don hayaƙi.

Ɗaya ga ta nan a ƙunshe, taka ce. Ba ta ci ba ce, iri ne. In wani abu ya sami nawa, kada ta sake zama a hannun mutum ɗaya mai taurin kai. Amma ka sani ba za ta yi a Dutse ba, garin da ko'ina fitila. Sai ka kawo ta gida. Bayan gidanka akwai duhu mai kyau, na je na duba.

Fitila tana nan tana ci, hanya a cike. Daga ƙofarka zuwa masallaci na kafa turaku na ja igiya. In ma ba ka son igiya, ga ni, ai ni ma asubar nake zuwa, kuma gwiwata ba za ta bar ni in yi maka sauri ba.

Kansila bai amsa mini ba, na haƙura. Malamin gona bai amsa ba, na haƙura. Wadda ta ƙulla abin ta tafi inda ba a amsawa. Kai ne ban haƙura ba. Na aiko da neman gafara ka ce “Hm.” Hm ba amsa ba ce. Ko zagi ne ka aiko, na san bakinka, zan gane.

Na gaya wa Sagiru ya tsaya a ƙofar gidan Talha, kada ya ta da mota sai ka ba shi amsa, fasinja su yi ta zaginsa, alhakinsu a wuyanka. Za ka dawo mu shuka ta baɗi, ko ba za ka dawo ba?

Ka amsa mini, Gwadabe.

Arzika